Auduga Ta Goma

Shafi na 31

Lauyan asibiti ya shigo shagon Kafinta da hantsi, ya share garin katako da gefen hannu, ya ajiye takarda a kan benci, ya ɗora biro a kanta.

Kafinta bai ɗago ba. Ƙofa yake gogewa. Sai da ya kai ƙarshen katakon, ya hure, ya shafa da tafin hannu, sannan ya dubi mutumin.

"Ka taka mini tef ɗin awo."

Lauya ya ɗaga ƙafa da sauri.

Zuwansa na uku ke nan tun da aka sake buɗe cikin Inna, matar Kafinta, a wani asibiti daban, aka ciro ƙyallen audugar da likitan farko ya ɗinke a ciki. Wata huɗu tana yawo da ita. Ta ruɓe, ta tafi da rabin hanji. Yanzu Inna da leda take kwana take tashi, manne a gefen cikinta. Audugar kuwa ga ta can a kwalba, a kan kanta, tsakanin gwangwanin ƙusa da na gam.

Mai Faci, maƙwabcin shago, ya leƙo da tiyub a wuya.

"A'a, Kafinta, surukinka ya dawo? Tun daga bakin titi na jiyo turare, na ce ko dai mai sayarwa ne ya yi ɓari."

"Koma kan tayarka."

"Na koma. In ka ji za ka buga masa guduma ka kira ni, in riƙe masa jaka."

Lauya ya yi murmushin yaƙe, ya gyara wuyan riga.

"Baba, yau ba gardama ta kawo ni ba."

"Ni ba babanka ba ne. Da ni na haife ka, da sana'a na koya maka."

"To, Malam. Kamfanin inshora ya sauko. Zai biya aikin da aka yi na biyu. Zai ɗauki nauyin leda da magani na shekara biyu. Abu uku kawai ake so. Ba kotu. Ba magana da kowa. Sai kuma kwalbar can."

"Har kwalbar?"

"Abin da ke ciki kayan asibiti ne."

"Kayan asibiti." Kafinta ya gyaɗa kai. "To ai da kun ƙirga kayanku kafin ku rufe."

Lauya ya yi kamar bai ji ba.

"In shekara biyun ta cika fa?" in ji Kafinta. "Hanjin zai tsiro?"

"Abin da sabuwar doka ta yarda a bayar ke nan. Ko ka ci shari'a, alƙali ba zai wuce wannan da nisa ba, an yi masa iyaka. Kuma ba za ka ci ba, domin ƙarar ma ba za ta shiga ba. Lauyarka ta gaya maka. Ba a karɓar ƙara sai da rantsuwar likitan tiyata a rubuce, ko ta wanda yake cikin ɗakin lokacin da abin ya faru. Wata shida aka ba ka. Saura kwana tara. Likita nawa ka zagaya?"

Kafinta ya ci gaba da goge ƙofarsa.

Bakwai ne. Bakwai, kowanne sa'an ɗansa. Ya zauna musu a benci tun safe har la'asar, ya cire musu hula. Duk sun duba hoton cikin, duk sun ce subhanallahi, duk sun mayar masa da fayil. Har wanda ya ciro audugar da hannunsa, ya zuba masa a kwalba. Shi ne ma ya rako shi bakin ƙofa ya rage murya ya ce, "Baba, kamfani ɗaya ke riƙe da mu gaba ɗaya. Bana kawai ninki biyu suka ƙara mana. In na rantse maka, baɗi ba ni da inshora, in ba ni da ita ba ni da wuƙa. Ka yi haƙuri."

Haƙuri. Ya sha shi har ya ƙoshi.

"An yi dokar ne don kada asibitoci su rufe," in ji Lauya. "Ba ka san abin da likita ke biya duk shekara ba. Mutane kowa ya yi tari sai kotu. Da an bar abin haka, da yanzu babu mai taɓa mara lafiya."

"Da za a yi dokar, an tambayi matata?"

"Malam..."

"An tambayi mai leda ko ɗaya? Ko ku da likitoci da masu inshora kuka rufe ɗaki, kuka sha shayi, kuka fito?"

"Ni ban yi doka ba. Aiki da ita nake yi."

"Ni ma ban yi katako ba. Amma in na haɗa wa mutum gado ya karye da shi, ba na ce masa ya nemo wani kafinta ya rantse. Kwaso gadon nake yi. Ɗauki takardarka."

Lauya bai ɗauka ba. Ya buɗe jaka ya fito da wata, guda ɗaya, ta sha ninki.

"Na so a ce ba mu kai nan ba."

"Mece ce?"

"Takardar ƙirga. Auduga a ɗakin tiyata goma-goma take zuwa a ɗaure. Nas ke ƙirgawa da baki kafin a fara, kowa yana ji. Kafin a ɗinke ta sake ƙirgawa. In sun cika ta rubuta, ta sa hannu. Likita ba ya ƙirgawa, yanka ne nasa. Ga ta ranar aikin Inna. An shiga da goma. An rubuta an fito da goma. Dubi ƙasa."

Karatun Kafinta bai taka kara ya karya ba. Lamba ya sani, da sunansa. Amma wannan sa hannun ko a duhu ya san shi. Harafin farko mai doguwar jela kamar ƙugiya. Shi ke kan katin asibitinsa, shi ke kan takardar hayar shagon nan.

Na 'yarsa ne. Babbar. Nas ɗin da yake tinƙaho da ita a layin nan kaf.

Ya ajiye samfefar da yake goge ƙofar da ita a hankali.

"Ƙarya ne."

"Tambaye ta. Ranar da ka shigar da ƙara, wannan ce takarda ta farko da za mu miƙa. Likita yana da inshora. Ma'aikatan da ke kan aiki ranar suna da ita. 'Yarka ba ta kan aiki. Musanya ta yi da wata ba da izini ba. Kuma haramun ne ma'aikaci ya shiga tiyatar mahaifiyarsa, kowa ya sani. Lasisinta zai tafi, wataƙila har da abin da ya fi lasisi. Abin da ban gane ba, nas mai shekara goma sha huɗu a aiki, me ya kai ta? Wa ya sa ta?"

Kafinta ya san wanda ya sa ta.

Shi ne.

A barandar asibiti, ana shirin tura gadon Inna, ya kama hannun rigarta ya ce, "Uwata, ki shiga da kanki. Ban yarda da idon kowa ba sai naki." Ta ce, "Baba, ba a yi." Ya ce, "Ni na ce a yi." Ta shiga.

Lauya ya fito da ɗan gwangwanin tawada ya ɗora a kan takardar farko.

"Inna ce za ta dangwala, ita ce mai ciwon. Kai shaida ne kawai. Jibi zan dawo."

Ya fita yana tsallake katako.

Mai Faci ya sake leƙowa da wata tsokanar a bakinsa. Ya ga fuskar Kafinta, ya haɗiye ta.

"Lafiya?"

"Zan rufe."

"Yanzu? Rana tsaka? Shekara talatin ban taɓa gani ba."

"Yau ka gani."

Ko a hakan bai fita ba sai da ya yi abin da ya saba. Akwai allo a bangon shagon, kowane ƙarfe an zana surarsa da fenti a inda yake rataye. Zarto, guduma, filaya, cizal huɗu. Ya mayar da kowanne kan zanensa yana ƙirgawa da baki. Ba ya rufe shago da gurbi a allo.

'Yar tasa ma a nan ta koya. Tana 'yar shekara bakwai take tsayawa a kan akwati tana ƙirga masa. Wata rana ta ce, "Baba, cizal uku ne." Ya ce huɗu ne. Ta kafe, ta ce uku. Suka birkice shagon. Ƙarshe sai da ya ɓalle bayan wata durowa da ya gama, har ya shafe ta da fenti, ya tarar da cizal ɗin a ciki. Aikin kwana biyu ya lalace. Ya saya mata alewa, ya ɗora ta a wuya har gida, yana gaya wa duk wanda suka haɗu da shi.

Ya ninke takardun biyu, ya sa a aljihu da gwangwanin tawadar, ya ja ƙofa.

Ya tarar da ita a tsakar gida tana wanke roba. Yau hutunta ne, ta zo ta canza wa Inna leda kamar kullum. Ta ɗago da fara'a.

"Baba? Sannu da zuwa. Ba dai jikin ba?"

"Shigo falo."

Ta goge hannu ta biyo shi. Labule ne kawai tsakanin falon da ɗakin Inna. Ta nuna shi da ido.

"Ta samu barci. Yanzun nan."

Bai zauna ba. Ya warware takardar ƙirga ya ajiye a kan tebur.

"Nas."

Ta dube shi. Tun da ta zo duniya bai taɓa kiran ta da wannan ba.

"Nawa kika ƙirga?"

Idonta ya sauka a kan takardar. Ta nemi kujera da hannu ba ta samu ba, ta sulale ƙasa.

"Baba..."

"Lamba na tambaye ki."

"Baba, ka tsaya in..."

"Nawa?"

"Tara."

Fankar sama tana juyawa. Kafinta ya tsaya yana kallon ta har ta zaga sau nawa.

"A nan me kika rubuta?"

"Goma."

"To."

"Na faɗa, Baba. Wallahi na faɗa. Na ce, Likita, tara ne. Ya ce in duba bokiti. Na zazzage bokitin a ƙasa da hannuna, babu. Na duba ƙarƙashin gado, na ɗaga zannuwa, babu. Na ce a tsaya a duba ciki. Mai ba da maganin barci ya ce jininta yana sauka, a yi sauri. Mutum uku na jira a waje. Sai Likita ya dube ni ta saman gilashi ya ce, 'Kalli hannunki yadda yake rawa. Uwarki ce a kwance, ta ina za ki iya ƙirga? Tun farko kika ɓata. Shi ya sa ba a barin ku ku shigo.' Na kalli hannun, rawa yake yi da gaske. Sai na fara tunanin ko tara ne tun farko. Kafin in gama tunani ya ɗinke."

"Kika sa hannu."

"Shugabarmu ta kawo takardar ta tsaya a kaina. Ta ce in na rubuta tara, tambayar farko ita ce me nake yi a ɗakin."

"Kina 'yar shekara bakwai kika sa na fasa durowa."

"Kai ubana ne, Baba. Kai za ka fasa. Shi ba zai fasa ba."

Ya juya mata baya. Ya dafa bango.

"Wannan na ji. Tsoro ne, na minti biyar. To wata huɗun fa?"

Ya juyo ya dube ta.

"Wata huɗu matar nan tana murƙususu a kan tabarma. Ta daina cin abinci. Ɗakin nan ba ya shiguwa don wari. Ina tsaye a nan, a nan ɗin nan, ina jin ki kina ce mata kumburi ne, zai sauka. Kina ɓare mata ƙwaya. Yaushe kika sani?"

"Ban sani ba. Zargi nake."

"Yaushe?"

"Sati na biyu."

"Sati na biyu."

"Na je wurinsa, Baba. Na same shi a ofis na ce a ɗauki hoton cikin. Ya ce a ɗauka mana, ba matsala. Amma in tuna, in hoton ya nuna wani abu, takardar wa za a fara zarowa? Na fito. Kullum sai in ce gobe. Kullum in taɓa goshinta in ce yau zafin ya ragu. Na yi ta roƙon Allah ya sa ni ce na yi kuskuren ƙirga."

"Sai da ta faɗi a bayi na ɗauke ta da hannuna."

"Na sani."

"Kin sani. Likita bakwai na bi. Bakwai! Na durƙusa wa yaran da ban isa in aika ba, ina neman wanda zai ce ya gani. Lauyarmu ta ce ko wanda yake ɗakin ma ya wadatar. Na zo na zauna a kujerar nan na tambaye ki, cikin abokan aikinki babu mai tsoron Allah ko ɗaya? Me kika ce mini?"

"Na ce zan tambaya."

"Kika ce za ki tambaya. Kika kawo mini ruwa na sha."

Ta kifa kai a gwiwa. Kukan ma a hankali take yin sa, saboda labule.

"In na yi magana ƙarar za ta shiga," ta ce. "Ni kuma na fita. Ba asibitin da zai sake ɗauka ta, ko shara. Yara uku, Baba, ubansu ya rasu. Ledar Inna ma daga albashin nan take fitowa. Na rasa ta inda zan ɓullo. Ka ce in je, zan je. Ka faɗa kawai."



Sau ɗaya Kafinta ya taɓa ce mata ta shiga inda ba a shiga. Ga abin da ya haifar, yana kwance bayan labule.

 Ya zaro ɗaya takardar, ya fito da gwangwanin tawada.

"Tashi ki wanke fuskarki."

"Baba, me za ka yi?"

"Ni na tura ki. Ba ki ce za ki shiga ba. Magana ta ƙare."

"Kwalbar fa? Ka ce ko za ka mutu..."

"Na ce magana ta ƙare."

Ya ɗaga labule.

Inna tana kwance ta fuskanci bango, ta rame har zanin ya yi mata yawa. Idonta biyu. Ya gane tun daga yadda kafaɗarta take.

Ya zauna a bakin gado. Ya buɗe gwangwanin.

"Kin tashi?"

"Ban kwanta ba."

"Takarda ce daga asibiti. Za su riƙa ba da leda da magani. Kawo hannunki."

"Malam, shekara arba'in da ɗaya ba ka iya ƙarya ba, yau za ka fara koya a kaina? Hanji aka yanke mini, ba kunne ba."

Ya ajiye gwangwanin a gefen gado.

"Kira ta," in ji Inna.

Ba sai an kira ba. Tana tsaye a bakin ƙofa, ta riƙe labule.

Inna ta juyo da ƙyar, tana tallafe da ledar da hannu ɗaya. Ta daɗe tana kallon 'yarta.

"Wata tara na ɗauke ki, ban yi ƙorafi ba. Wata huɗu na ɗauki audugarki, ina ce miki sannu da ɗawainiya."

"Inna, ki yafe..."

"Ban kai nan ba tukuna. Yau likitan nan yana aiki?"

"Yana yi."

"Mutum nawa?"

"Biyar aka rubuta."

"Wa ke ƙirga masa?"

"Wata sabuwa. Bara ta gama makaranta."

"In ta ce tara, ya ce goma?"



"Ki saurare ni," in ji Kafinta. "Saura kwana tara. Doka ba ta tare da mu, likitoci ba sa tare da mu. Abin da ya tafi ya tafi. In aka je kotu yarinyar nan za a yanka, ba shi ba. Jikokinki uku. Ni ma ba daɗi nake ji ba. Kawo hannun."

"Kai ka ce ta shiga, ta shiga. Shi ya ce ta rubuta, ta rubuta. Yanzu ka ce in dangwala. Ni da aka buɗe sau biyu, har yau ba wanda ya tambaye ni komai."

"To na tambaye ki. Kawo."

Ya miƙa hannu ya kamo nata. Inna ta lanƙwashe babban yatsanta cikin tafi, ta dunƙule sauran a kansa, ta janye hannun ta tura ƙarƙashin filo.

"Ba zan dangwala ba."